Zaman Jira Yana Neman Cinye Ni

Anti, assalamu alaikum. Shekaruna 34, ina da aure da 'ya'ya biyu. Wata biyar ke nan da shugabannin wurin aikinmu suka ce za a rage ma'aikata, amma har yau ba su ce su wa ba, ba su ce yaushe ba. Ana cikin haka aka ga wani ƙulli a jikin mahaifiyata, aka ɗebi kaɗan daga wurin aka kai gwaji, aka ce mu jira. Maigidana kuma ana ta raɗe-raɗin za a mayar da shi wani wuri mai nisa. Ba abin da ya faru tukuna, amma ni kam na ƙare. Ƙarfe uku na dare nake farkawa gabana na dukan uku-uku, in jawo waya in yi ta bincike a kan cutar da ba a ma ce Mama tana da ita ba. Da rana hankalina ba ya tsayawa wuri guda. Abu kaɗan na daka wa yara tsawa, daga baya in shige ɗaki in yi kuka. Da na gaya wa yayata sai ta ce ƙarancin tawakkali ne, in ƙara addu'a. Ina yi, Anti, wallahi ina yi. Ta yaya zan samu natsuwa alhali ba abu ɗaya da na san makomarsa?

Ƙanwarki mai zaman jira

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa sakamakon ya zo da sauƙi.

Sau biyu na karanta wasiƙarki. A karo na biyu inda idona ya tsaya shi ne kan maganar nan taki, wai ba abin da ya faru tukuna amma kin ƙare. Kin faɗe ta kamar mai neman afuwa, kamar abin kunya ne mutum ya gaji da abin da bai auku ba. Daga nan zan fara, domin a nan kika fi shiga haƙƙin kanki. Ai abu ya faru. Wata biyar ke nan kina rataye, ba ki sama ba ki ƙasa, kuma igiya uku ce ta ɗaure ki: aikin da kike rufa wa kanki asiri da shi, lafiyar wadda ta haife ki, da zaman iyalinki wuri guda. Wanda aka sallama daga aiki ya san inda ya kwana. Zai yi kukansa, ya share hawaye, ya fita nema. Wanda aka ce masa "ƙila kai, ƙila ba kai ba" kuwa bai samu damar kuka ba, bai samu damar sakin jiki ba. Kullum yana bakin ƙofa da takalmi a ƙafa.

Kada ki ɗauka lallashi nake yi, an gwada abin an gani. A shekarar 2016 wasu masu bincike na jami'ar UCL da ke Landan suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum 45. Wasa aka ba su a kwamfuta: ka juya dutse, in akwai maciji a ƙarƙashi sai a ɗan ja ka da lantarki a hannu. Ana wasan ana auna zufar da ke tsatstsafo musu da yadda ƙwayar idonsu ke buɗewa, ana kuma tambayarsu yadda suke ji. Kowa zai zaci lokacin da mutum ya tabbatar za a ja shi ne hankalinsa zai fi tashi. Sai aka tarar tashin hankalin ya fi ƙamari a lokacin da abin ya zama rabi da rabi, ko a ja ka ko a ƙyale ka. Wanda ya san zafin na tafe ya fi wanda bai sani ba kwanciyar rai. Ke kuma duwatsu uku kike juyawa kowace safiya.

Ga abin da ke gudana a jikinki. Akwai wani ɗan sashe a ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala, ki ɗauke shi a matsayin mai gadin gida. Da ya hango haɗari sai ya busa usur, saƙo ya sauka zuwa wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, su saki sinadarin adrenalin, daga baya kotizol ya biyo. Zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce, jini ya kwarara zuwa tsokar hannu da ƙafa, ciki ya dakatar da aikinsa. Duk shiri ne na gudu ko kokawa, kuma an gina shi ne don haɗarin da ke zuwa ya wuce cikin mintuna. To ki duba halin mai gadin da aka ce masa ɓarawo na nan tafe amma ba a faɗi daren ba. Daren farko zai tsaya da kyau. Bayan wata biyar bai runtsa ba, ko kyanwa ce ta gifta sai ya busa. Yaron da ya zubar da ruwa a ƙasa kika daka masa tsawa, kyanwar ke nan. Halinki bai lalace ba, ƙanwata, mai gadinki ne ya jigata.

Farkawar ƙarfe uku ma tana da dalilinta. Barcin ɗan Adam ya fi nauyi a farkon dare, yana ƙara sauƙi yayin da ake dosar asuba, kuma a daidai wannan lokaci kotizol ke fara hauhawa don shirya jiki ga wayewar gari. Kusan kowa yana ɗan farkawa sau da dama a dare ya koma bai sani ba. Mai damuwa ne kawai farkawar ke zame masa ƙofa a buɗe. Sa'a ce kuma da babu ofishin da ke aiki, babu likitan da za ki tambaya, babu wanda za ki kira. Matsala na gabanki, hannunki babu komai. Shi ya sa abin da kika saƙa da ƙarfe uku, in kika dube shi da hantsi, sai ki ga kamar ba ke kika saƙa ba. Ni dokar da na kafa wa kaina tun da daɗewa ita ce duk hukuncin da zuciyata ta yanke tsakanin tsakar dare da asuba ba na sa masa hannu sai gari ya waye.

Ba ke kaɗai ba ce kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a duniya, sannan a shekarar farko ta annobar korona yawan masu fargaba da masu ciwon baƙin ciki ya ƙaru da kusan kashi 25 cikin 100. Shekarar da duniya kaf ta zauna irin zaman da kike yi ke nan, ba wanda ya san gobe.

Yanzu maganar yayarki. Ba na zarginta, abin da ta sani ta ba ki, kuma ƙaunarki ce ta sa ta faɗa. Amma maganar ta ɗora miki kaya na huɗu a kan ukun da kike ɗauke da su: yanzu bayan tsoro har da jin laifin yin tsoron. Ki tuna da Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Shekaru ya yi ba ɗansa, ba kabarin ɗansa. Shi ne ya ce haƙuri mai kyau, kuma shi ɗin ne dai Alƙur'ani ya ba mu labari a Suratu Yusuf cewa idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki. Ba wanda ya isa ya ce tawakkalinsa ne ya gaza. Bayan ya ce ga Allah kaɗai yake kai kukansa, a aya ta gaba sai ya umarci 'ya'yansa su tafi su nemo labarin Yusuf da ɗan'uwansa. Kuka, addu'a da aike, duk a zama ɗaya. Kin kuma san hadisin da Tirmizi ya ruwaito, na mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya dogara.

Akwai wani malami da nake so mutanenmu su ƙara sani, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 ta miladiyya. Fiye da shekara dubu da suka wuce ya rubuta littafi a kan gyaran jiki da na rai, ya ce rai yana ciwo kamar yadda jiki ke ciwo, ya kuma yi mamakin yadda likitocin zamaninsa suka mayar da hankali kan jiki kaɗai. Ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda ke da sanadin da aka sani, kamar rashi ko asara, da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, wanda ya ce asalinsa daga jiki ne kuma yana buƙatar magani. Ya ba da wata shawara da har yau ban ga wadda ta fi ta ba, cewa mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin hayyacinsa, kamar yadda ake ajiye magani a gida tun kafin ciwo ya zo. Don haka neman taimako a kan damuwa ba baƙon abu ba ne da aka shigo mana da shi jiya. Ki ci gaba da addu'arki. Ni aikina a nan in nuna miki inda igiyar taguwar take.

Sai dai kafin nan zan faɗa miki abin da ƙila ba za ki so ji ba. A tambayarki akwai wani sharaɗi da kika ɓoye: kina jira sai kin san makomar abubuwan nan kafin ki natsu. In haka ne kin miƙa makullin hankalinki ga shugabannin da ba su ma san kina farkawa da dare ba. Kuma ranar da waɗannan uku suka warware, wasu za su maye gurbinsu, domin yaran nan za su girma, ke ma jikinki zai fara kawo nasa ƙorafin. Dubi mai tuƙa keke. Daga nesa sai ki ce a miƙe yake sak. Matso kusa ki ga hannunsa: kowace daƙiƙa yana karkata yana gyarawa, yana karkata yana gyarawa. Irin daidaiton da za ki iya samu ke nan a wannan wata, wanda ake yi ana cikin tafiya, hanya kuma ba ta gyaru ba.

Wasu masana halayyar ɗan Adam a Jami'ar Laval ta Kanada, cikinsu har da Michel Dugas, sun bi diddigin wannan tun wajen 1994. Abin da suka gano shi ne masu yawan saƙe-saƙe ba lallai ne matsalolinsu su fi na kowa yawa ba. Abin da ya bambanta su shi ne rashin iya zama da "ban sani ba". Kamar mutumin da jikinsa ba ya shiri da ƙura ne, kaɗan ta ishe shi atishawa alhali na kusa da shi bai ma ji ba. Irin wannan mutum yana ɗaukar saƙe-saƙe a matsayin aiki. Yana ji a ransa cewa in ya yi ta juya abin, ba zai zo masa ba-zata ba, ko kuma in ya daina damuwa da lafiyar uwarsa na awa ɗaya to ya zama marar tausayi. Ki binciki ranki ko akwai wannan. Ni na same shi a nawa. Shekarun baya na yi kwana tara ina jiran sakamakon wani gwaji da aka yi mini, kuma a kwanakin nan na binne kaina, na raba 'ya'yana ga dangi, har na yi fushi da wata 'yar'uwata a kan yadda za ta riƙe mini ƙaramar, duk a cikin kaina, baiwar Allah ba ta san ana yi ba. Sakamakon ya zo da matsala, ba irin wadda na saƙa ba, wata daban da ban taɓa kawowa a raina ba. Duk shirin kwana taran nan bai amfane ni da komai ba. Daren da na ji sakamakon kuwa na yi barcin da rabona da shi tun kafin gwajin.

To ga yadda za ki bambance. Duk tunanin da ya taso miki, ki tambaye shi abu ɗaya: akwai abin da hannuna zai iya yi a kanka cikin makon nan? In akwai, ya zama aiki, ki sa masa rana. In babu, ki san cewa tufka da warwara ce kawai.

Mu ɗauki batun aiki, don shi ne ya fi ba ki abin yi. Sunan da zai fito a takardar sallama ba ya hannunki. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ki ɗauko takardar yarjejeniyar aikinki ki karanta ta da kyau, ki ga wa'adin sanarwa nawa ta tanada da haƙƙin da za a biya wanda aka sallama; mutane da yawa sai ranar da abin ya faru suke fara neman inda suka jefa ta. Ki zauna da takarda da alƙalami ki fitar da abin da gidanku ke ci a wata, wanda ba makawa da wanda za a iya dakatarwa, sannan ki lissafa wata nawa za ku iya riƙe kanku da albashi ɗaya da ɗan abin da kuka tara. Na san lissafin nan ne kike gudu. Amma tsoron da ba shi da adadi ba shi da iyaka, yana iya cika ɗaki. Da zarar kin ce "wata huɗu" ko "wata biyu", ya zama abu mai tsawo da faɗi da za a iya zagayawa. Ko lissafin ya fito da muni, gara ki san muninsa. Sai ki sabunta takardar tarihin aikinki, ki tuntuɓi mutum biyu ko uku da kuka taɓa aiki tare, ki gaishe su, ki sanar da su kunnenki a buɗe yake. Wannan duka bai fi aikin yammaci uku ba. In kin gama kin ɗaure taguwa. Zaman gulmar ofis na wa za a kora da wa za a bari, inda kowa ke zuba wa ɗan'uwansa nasa tsoron, ki rage shi, ba labari ake samu a wurin ba.

Na maigida gajere ne. Ku zauna sau ɗaya, ba a kan gado da dare ba, ku fitar da tsari biyu: in an mayar da shi ga yadda za mu yi wata shidan farko, in ba a mayar ba shi ke nan. Ku rufe maganar sai takarda ta fito. Ina kuma zargin bai san rabin abin da kika rubuto mini ba. Ki gaya masa.

Na Mama ne mai wuya, ba zan yi miki ƙarya ba. A nan abin da hannu zai iya kaɗan ne, amma akwai. Ki koma wurin likitan ki yi tambayoyi masu amsa: yaushe ake sa ran sakamakon, wa zai sanar da mu, ta wace hanya, in ranar ta wuce ba mu ji ba wa za mu nema? Jiran da ke da rana daban yake da jiran gawon shanu. Bayan haka abin da ya rage shi ne ita kanta Mama, wadda ita ma jiran take yi, kuma ina kyautata zaton tana ɓoye nata tsoron don kada ta tayar muku da hankali, kamar yadda kike ɓoye naki. Awar da kike kashewa a waya kina karanta cutar da ba a tabbatar ba, ki kai mata ita. Ku yi hirar da ba ta shafi asibiti ba.

Binciken dare kuwa ki daina shi ɗungurungum, a nan ba zan sassauta ba. Na san abin da yake ba ki: sauƙi na minti biyar idan kin ci karo da shafin da ya ce yawanci ba komai ba ne. Sai shafi na gaba ya ce wani abu daban, ki koma neman na uku da zai goge na biyu. Kowane zagaye yana koya wa ƙwaƙwalwarki cewa ba za ta iya zama da rashin sani ba sai an ba ta wani abu, kamar mai susar ƙaiƙayi, daɗi yanzu, gyambo gobe. Intanet ba ta ga abin da aka ɗiba a jikin Mama ba. Wayar ta kwana a wani ɗaki. In don tashin asuba ne, ki nemi agogo.

Kada kuma ki ce za ki hana kanki tunanin da ƙarfin tsiya. A 1987 wani masani Ba'amurke, Daniel Wegner, ya ce wa mutane su yi minti biyar kada su tuna da farin beyar, wata ƙatuwar dabbar daji, duk sanda ya faɗo musu a rai su kaɗa ƙararrawa. Suka yi ta kaɗawa. Da aka sake su kuma, sai tunanin ya dawo musu fiye da na waɗanda ba a taɓa hanawa ba. Shi ya sa "ki cire abin a ranki" ba ta taɓa yi wa kowa aiki ba. Abin da ke aiki shi ne a ba damuwar lokacinta. Thomas Borkovec na Jami'ar Jihar Pensilvaniya ne ya fito da dabarar a 1983: ki ware rabin awa kullum, lokaci ɗaya, wuri ɗaya, nesa da lokacin kwanciya. A ciki ki zauna da littafi ki rubuta duk abin da ke cin ki, har wanda ba ki iya furtawa. In tunanin ya zo da safe kina tsakiyar aiki, ki rubuta kalma biyu a gefe ki ce masa sai anjima. Baƙon da aka ba lokaci ya fi wanda aka rufe wa ƙofa saurin daina bugu. Kwanakin farko za ki ga kamar wasa ne, ki ba shi mako biyu.

Littafin yana da wani amfani. A wannan jami'ar dai, daga baya, an sa wasu mutum 29 masu fama da ciwon fargaba su riƙa rubuta abubuwan da suke tsoro na kwana goma, aka bi sawun abin da ya faru har wata guda. Kusan kashi 91 cikin 100 na abubuwan ba su auku ba. Mutanen kaɗan ne, kuma ba na kawo miki wannan don in yi miki alkawarin cewa ba za a sallame ki ba ko sakamakon Mama zai zo fes. Wannan sanin na Allah ne. Abin da nake so ki gani da idonki, daga rubutun hannunki, shi ne yawan ƙaryar da mai gadin nan ke shararawa. A gefen kowane tsoro kuma ki ƙara layi ɗaya da masu damuwa ke tsallakewa: in ya faru, me zan fara yi? Saƙe-saƙe kullum yana tsayawa ne a daidai wurin da bala'in ya sauka, ba ya nuna miki washegari, alhali akwai washegari, kuma a cikinta akwai ke da kika riga kika tsallake abubuwan da a da kika rantse ba za ki iya ba. Nan ne wurin shawarar al-Balkhi. Da rana, sanda kike cikin hayyacinki, ki rubuta wa kanki jimla uku ko huɗu na gaskiya a 'yar takarda, ki ajiye kusa da gado, domin mai farkawa ƙarfe uku ba ta iya ƙirƙiro su da kanta.

In kin farka gaban na faɗuwa, ta numfashi za ki shiga, don shi ne kaɗai cikin waɗannan abubuwa da ke karɓar umarninki kai tsaye. Ki ja iska kina ƙirga huɗu, ki sake ta a hankali kina ƙirga shida ko fiye. Duk lokacin da mutum ke fitar da numfashi zuciyarsa tana ɗan rage gudu, don haka tsawaita fitarwar tamkar taka birki ne. Minti uku zuwa biyar. In an kai kamar minti ashirin barci bai dawo ba, ki tashi daga gadon, ki zauna a wuri mai ƙarancin haske, ki yi zikiri ko karatu mai sanyi, sai kin ji barci ki koma. Dalili shi ne kada ƙwaƙwalwa ta saba da cewa gado wurin shari'a ne. Da rana kuma ki motsa jiki, tafiyar sauri ta rabin awa ta isa. Jikin da aka shirya wa gudu wata biyar yana buƙatar ya yi gudun. Ki nemi wani aiki da ke cinye hankali gaba ɗaya, mai ɗan wuya, wanda hannu da kai ke haɗuwa a kansa. Kallon waya ba ya cikin wannan, yana barin rabin hankali a sake, rabin nan kuwa ya ishi saƙa.

Yaran kuma, kada ki tsaya a kukan cikin ɗaki. Ki fito ki durƙusa daidai tsayinsu ki ce, "Ɗazu na yi muku tsawa, ban kyauta ba. Na gaji ne, ba laifinku ba ne." Girmanki ba zai zube ba. Yaro yana jin canjin iskar gida tun kafin a gaya masa, kuma in ba a ba shi dalili ba sai ya ɗauka shi ne dalilin.

Abu na ƙarshe, kuma kada ki ɗauke shi a matsayin ƙari: ki ga likita, ke ma. Wata biyar na karyayyen barci da bugun zuciya ya isa dalili. Akwai cututtukan jiki da ke sa rigar fargaba, kamar ƙarancin jini da yawan aikin halittar tayirod da ke wuya, kuma gwajin jini mai sauƙi ke nuna su. In an duba ba su ba ne, ki nemi a haɗa ki da masanin lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai jiyya ta zantawa da ake koya wa mutum yadda zai kama tunaninsa ya gwada gaskiyarsa, wadda likita Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960, tana daga cikin waɗanda aka fi gwadawa aka ga amfaninsu a kan irin wannan hali, kuma yawanci ta 'yan watanni ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, ki faɗa masa komai har kukan. Kada ki sayi maganin barci da kanki, wasunsu suna kama mutum cikin 'yan makonni. In kuma kin wayi gari mako biyu a jere ba abin da ke yi miki daɗi, ko abinci ya fita ranki, ko kika fara jin da ma ba ki raye, to wannan ba na jira ba ne. Ki gaya wa wani na kusa a ranar, ku tafi asibiti tare.

Yayar nan taki, ki koma mata da buƙata takamaimai. Mutane da yawa suna ba da wa'azi ne don ba su san me za su yi da hannunsu ba. Ki ce mata, "Yaya, addu'ar ina yi, ki taya ni. Amma ranar karɓar sakamakon Mama ina so ki raka ni, ki riƙe takarda ki rubuta abin da likita zai faɗa, don ni na san ba zan riƙe ba." Ina sa ran za ta zo tun kafin lokaci.

In an ba ku ranar, ki rubuto mini. Ki gaida Mama da jiki.

Antinki